Kilo Goma Sha Takwas na Mai Sikeli

Shekara ashirin da shida Mai Sikeli ya yi yana auna kaya a babban siton da ke bayan tashar manyan motoci, kuma ba a taɓa kama shi da tauye wa wani ko rabin kilo ba. Sunansa na yanka ma ya ɓace a bakin mutane. Har 'ya'yansa mata uku, in an tambaye su 'ya'yan wane ne, cewa suke yi na Mai Sikeli. Aikin ba shi da wani kwana-kwana: buhu ya shigo a auna, buhu zai fita a auna. Amma shi ya ɗauke shi da girma. Kullum da safe sai ya goge faifan sikelin da tsumma, ya ɗora ƙarfen gwaji mai kilo ashirin, ya durƙusa ya ƙura wa kibiyar ido. In ta kauce ko da tsinin allura ne, to babu kayan da za a auna sai ya daidaita ta. Direbobi su yi ta danna hon a waje, shi ko a jikinsa.

Hannunsa ma ya zama sikeli. Ya ɗaga buhu sau ɗaya, ya ɗan jijjiga, ya ce, "Arba'in da tara, an ɗebi ɗaya." A ɗora a gani, haka ɗin ne. 'Yan dako har cika buhu suke yi da tarkace don su gwada shi, ba su taɓa cin nasara ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa ɗorawa a sikelin nan ba, shi ne kansa. Mutum ne mai jiki, ga wuya ga teɓa, in ya zauna a kujerarsa ta ƙarfe sai ta yi ƙara kamar tana neman agaji. 'Yan dako kan ce, "Baba, don Allah kada ka hau, kibiyar za ta zagayo ta dawo gida." Ya yi dariya har cikinsa na rawa, ya ce su bari ya gama shayinsa tukuna.

Duk duniya, bayan 'ya'yansa, babu wanda ya kai Auta a zuciyarsa. Ƙanwarsa ce, ya ba ta shekara goma sha biyu. Tana da shekara bakwai iyayensu suka rasu a jere, shi ya zame mata uwa da uba. Shi ya koya mata wanki, shi yake goya ta ya tsallakar da ita zuwa makaranta in ruwa ya cika layinsu. Ta girma ta zama mai ɗinki, aure ya zo ya wuce babu haihuwa, ta kama ɗaki ita kaɗai a hawa na uku na wani tsohon bene, ita da kekenta da tulin yadinan mutane. Duk ƙarshen mako Mai Sikeli yakan je gaishe ta. Matakala hamsin da huɗu ce, ya ƙirga, kuma sau biyu yake tsayawa ya dafa bango yana haki. Ita kuwa ta leƙo daga sama tana tsokanarsa: "Yaya, in turo maka igiya?"

Kamar da wasa ƙafafun Auta suka fara kumbura. Ta ce zaman keke ne. Sai fuska ta bi, sai abinci ya daina zama a cikinta. Da aka je asibiti aka ce ƙodojinta duka biyu sun gaji. Aka sa ta a kan wankin ƙoda sau biyu a mako, ta tafi da ƙafarta ta dawo kamar an tatse ta. Likitar da ke duba ta, wata doguwar mata mai tabarau wadda ba ta iya zagaye-zagaye ba, ta ce wanki tallafi ne kawai, mafita ita ce dashe, in an sami ɗan'uwan da jininsu ya dace.

Mai Sikeli bai ko juya ya kalli matarsa ba. Ya miƙa hannu ya ce a gwada nasa.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Shekara ashirin da biyu suna tare, zaman lafiya lau, kuma sirrin zamansu shi ne kowa da iyakarsa. Ita ba ta sa baki a harkar sito, shi kuma ba ya shiga kicin sai in zai ajiye tukunyar gas a bakin ƙofa. Abin da ta ɗora a faranti shi yake ci, ya gode. Ranar da sakamako ya fito su uku suka zauna a gaban likita, shi da Malama da Auta.

"Jininku ya dace," in ji likita. "Amma ba zan taɓa ka a haka ba. Nauyinka kilo ɗari da goma sha takwas, ga jininka ya hau. In na cire maka ƙoda ɗaya yanzu, na rage mara lafiya ɗaya na ƙara wani. Ka sauko zuwa ɗari, jinin ya daidaita, sannan mu yi magana. Kuma kada ku yi sanya, jikinta ba zai yi ta jira ba."

"Goma sha takwas ke nan," in ji Mai Sikeli. A wurinsa wannan ko rabin buhu bai kai ba. "Me zan yi?"

"Abu biyu. Ka motsa jiki kullum, a kuma gyara abinci."

Daidai nan wata nas ta leƙo ta ce ya zo a ƙara ɗibar jini. Ya miƙe. Likita ta ce ya tsaya ya ji bayanin abincin, ya yi murmushi ya nuna Malama, ya ce, "Ai ga mai sashen nan. Ki ba ta, ni nawa tafiya." Ya fita ya bar matan biyu da likita da wata takarda mai shafi biyu. Wannan fitar, wadda ba ta kai minti goma ba, ita ce babban kuskuren rayuwarsa, amma a lokacin gani yake ladabi ya yi.

Washegari da sassafe ya ɗaura sabon kambas ya fita. Wayyo, ranar farko abin tausayi ne. Bai kai ƙarshen layi na biyu ba gwiwoyinsa suka fara ƙorafi, cinyoyinsa suka goge juna har suka yi ja, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya zauna a kan dakalin wani shagon da ba a buɗe ba yana jin zuciyarsa a maƙogwaro. Mai sharar titi ya tsaya ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya ƙalau, ƙoda yake kai wa ƙanwarsa. Mai shara ya dube shi sama da ƙasa, ya ja tsintsiyarsa ya yi gaba.

A gida kuwa Malama ta zage damtse, ko dai haka ya gani. A gabansa ta ɗauki gwangwanin sukari ta miƙa wa maƙwabciya ta katanga. Farin burodi ya ɓace, mai ruwan ƙasa ya maye gurbinsa. Ganye ya fara bayyana a saman kowane faranti. "Abincin likita ke nan," in ji ta. Ya ɗanɗana yana shirin ɓata fuska, sai ya ji abin ya fi na da daɗi. Shayin babu sukari amma ga kauri ga garɗi, shinkafar tana sheƙi, miyar tana santsi a harshe. Ya ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka. Wasu sai su yi ta kukan abincin asibiti, ashe rashin iya girki ne." Ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba, shi kuwa ya ɗauka kunya ce.

Ga tafiya da jawo yunwa. Ya dawo cikinsa na kiran ciroma, ya share faranti, ta ƙara masa. In ya ɗan ja baya ya ce anya, sai ta ce, "Takarda ta ce mai tafiya kada ya zauna da yunwa." To, tunda takarda ta ce.

Kowace Asabar, in an rufe sito 'yan dako sun watse, sai ya cire takalma da agogo, ya fitar da makullai daga aljihu, ya hau faifan da ya goge shekara ashirin da shida. Makon farko ɗari da sha bakwai. Ya dawo gida bakinsa har kunne. Wata ya cika, ɗari da sha shida. Wata biyu, ɗari da sha shida. Wata uku, sha biyar, mako na gaba ta koma sha shida. Kibiyar ta sami wuri ta kafe kamar an buga mata ƙusa.

Abin haushin, ko'ina a jikinsa ana samun canji ban da inda ake nema. Tafiyar minti ashirin ta zama awa ɗaya, awa ɗaya ta zama awa da rabi. Minsharin da ke korar yara daga ɗakin kusa ya ragu, ya koma yin barci mai nauyi ya tashi garau. Ciwon kan da ke kama shi da rana tsaka ya tafi bai yi sallama ba. Bel ɗinsa ya matsa huji biyu, har Auta ta karɓi wandunansa ta rage musu ƙugu a ranakun da take da ɗan ƙarfi. Matakalar benenta ya daina tsayawa sau biyu, ya koma sau ɗaya, daga baya ya daina tsayawa gaba ɗaya. 'Yan dako suka bar zancen kibiya za ta zagayo, suka koma cewa Baba zai ƙwace musu sana'a, don ranar da mota ta zo a makare shi ya sauke buhu goma sha biyu. Duk wannan bai ɗauke shi a bakin komai ba. Likita lamba ta faɗa, shi kuma mutumin lamba ne.

A wata na biyar ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya zargi sikelinsa. Ya kwance faifan, ya share ƙasa, ya sa mai, ya ɗora ƙarfen gwaji, ya ƙara wani a kai, ya ƙara wani. Kibiyar ta tsaya cak inda ya kamata. Ya hau, ta nuna ɗari da sha biyar. Ya sauko ya zauna a kan buhu, kunya ta kama shi kamar wanda ya yi wa tsohon amini ƙazafi. In sikeli bai yi ƙarya ba, to jikinsa ne ya ci amanarsa, ko kuwa tafiyar ce yaudara. Ya rasa wanda zai kama, sai ya kama kansa. Ya ce ragwanci ne. Ya ƙara tafiyar yamma a kan ta safe, ya daina hawa mota zuwa aiki. Kambas na farko ya huje, na biyu ya bi shi.

Auta kuwa tana ta zubewa. Wuyanta ya fito, zoben hannunta ya koma babban yatsa. In ya je sai ta dube shi ta ce, "Yaya, ka sassauta wa kanka haka nan. Dubi yadda ka yi kyau, ai ko iyakar nan aka tsaya an ci riba."

"Wace riba? Kilo uku a wata shida?"

"Lafiyarka fa?"

"Ni lafiyata nake nema? Ke dai ki riƙe, saura kaɗan." Sai ta kau da kai ta shiga laluben almakashi.

Da wata takwas ya cika aka kira shi asibiti. Malama ta ce kanta na ciwo, ya tafi shi kaɗai. Aka ɗaura masa abin awon jini, aka ɗebi jini, aka manna masa wayoyi a ƙirji aka sa shi tafiya a kan inji har ya yi gumi. Likita ta duba takardun, ta cire tabarau, ta sake mayarwa.

"Kai, ka yi ƙoƙari," in ji ta. "Jininka ya sauka daidai ba tare da magani ba. Sukarinka da ke bakin iyaka ya koma gida. Zuciyarka ta fi ta wasu 'yan shekara talatin. Duk wannan tafiyarka ce ta yi shi, kada ka kuskura ka bari."

"Nauyin fa?"

"Ɗari da sha uku."

Can ya ce, "Likita, tsakani da Allah, babu ranar da na yi fashi. Ruwa ya dake ni, rana ta dake ni. In tafiya na rage ƙiba, me ya sa ni ta ƙi ni?"

"Tana ragewa, amma kaɗan, ga shi ka gani. Ita kaɗai ba kasafai take sauke kilo goma sha takwas ba. Abin da ka ƙona a awa guda kana tafiya, 'yan cokulan mai da burodi mai bota sun mayar da shi kafin ka cire takalmi. Shi ya sa na ce abu biyu. Faɗa mini, kofi nawa na shinkafa kake ci? Cokali nawa na mai?"

"Kofi?"

"Yadda takardar ta ce. A auna komai kafin a dafa."

Mai Sikeli ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. A auna. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana auna abin da ya shigo da abin da ya fita, wata takwas yana ƙirga abin da ke fita daga jikinsa, bai taɓa tambayar abin da ke shiga ba. Da wani ya ce masa abincin nan aunawa ake yi, wallahi da ko ƙwayar shinkafa ba ta tsallake ba.

Likita ba ta gama ba. Ta ajiye biro ta ce akwai wata magana. Zuciyar Auta ta yi rauni a watanni biyun nan. Ko yau ya sauko zuwa ɗari, ba za su iya shiga da ita tiyata ba. Sai in zuciyar ta farfaɗo, kuma ba ta yi masa alkawari ba. "Da wata huɗu baya ne," in ji ta, ba ta ƙarasa ba.

Da ƙafa ya dawo gida, don ƙafar ta riga ta saba. La'asar ta yi, Malama na bayan gida tana kwashe shanya. Ya tsaya a ƙofar kicin, inda ya saba ajiye tukunyar gas ya juya, yau sai ya tsallaka. Ɗaki ne ɗan ƙarami, tsaf-tsaf, komai a jere. Ya ɗaga jarkar man da ya kawo da hannunsa kwana tara da suka wuce, mai lita biyar. Hannunsa ya faɗa masa saura ƙasa da biyu. Ya buɗe kabad ɗin ƙasa, ya tarar da wata jarkar da ba shi ya kawo ba, da robobin bota, da gwangwanayen madara mai kauri, irin mai zaƙin nan, an jera su a bayan tukwane. Ga shayinsa marar sukari ke nan.

Sai idonsa ya faɗa kan teburin yanka. Mutumin da ya saba daidaita faifai ba ya rasa ganin abin da aka yi wa ciko. A ƙarƙashin ƙafa ɗaya an cusa takarda, an ninke ta gida takwas. Ya ɗaga teburin da hannu ɗaya ya zaro ta. Ta yi baƙi, mai ya jiƙa gefenta, amma rubutun na nan. Shinkafa kofi kaza. Mai cokali kaza a yini. Ban da madara mai zaƙi, ban da bota. Babu inda ta ce mai tafiya kada ya zauna da yunwa.

Malama ta shigo da kaya a kafaɗa, ta gan shi da takardar. Ba ta yi ihu ba, ba ta musa ba. Ta ajiye kayan a kan kujera a hankali.

"Malama," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wata takwas. Kina kallona ina fita cikin ruwa. Kina wanke mini safa mai jini. Ina ce miki Allah ya yi miki albarka, kina amsawa."

"Ban taɓa amsawa ba, Baban yara."

Ya tuna, gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Wannan ya ƙara masa zafi.

"Me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. 'Ya'ya uku gare mu, babbar ba ta gama makaranta ba. Ka miƙa hannu a gaban likita ko kallona ba ka yi ba, kamar jikin naka kai kaɗai ke da shi. In aka shiga da kai ba ka fito ba fa? In ɗayar da ta rage ta gaza fa, wa zai ba ka?"

"Sai ki faɗa mini. Ki yi faɗa, ki yi kuka, ki yi yaji. Ba ki zuba mini a faranti ba."

"Da ka ji?"

Ya san da bai ji ba. Ya ce, "Ƙanwata kika kashe mini da cokali."

Nan ne hawayenta suka zubo. Ta ce, "Je ka tambaye ta. A bakin ƙofar likita, kafin ka dawo daga ɗibar jini, ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri kada in bari ka kai ɗari. Ba zan yi maka ƙarya in ce tilasta ni ta yi ba. Ba ta rufe baki ba na amsa. Ko ba ta roƙa ba, ina jin da na yi."

Mai Sikeli ya nemi wurin zama ya rasa, ya jingina da teburin, teburin ya yi rawa don babu ciko. Ashe duk ranar da yake hawa matakala yana cewa ki riƙe saura kaɗan, Auta ta sani. Tana rage masa ƙugun wando, ta sani. Mata biyun da ya fi yarda da su a duniya sun haɗa kai sun mayar da shi abin wasa, suna kallonsa yana zagaye gari kamar jakin da aka ɗaure a turke. Baƙin cikin da ya ji ranar ko na rasuwar iyayensu bai kai shi ba, don waccan Allah ne ya yi, wannan kuwa mutane ne, kuma nasa.

Bai ɗaga murya ba, bai kori kowa ba. Washegari ya dawo da ɗan ƙaramin sikeli na tebur ya kafa shi a kicin. Ya goge takardar ya manna ta a bango. Shi yake auna shinkafarsa, shi yake auna mai, ya dafa a 'yar tukunya daban, ya ƙona rabi ya ci haka nan. Malama ta tsaya a ƙofa tana kallo, ta ce ya bari ta yi masa daidai yadda aka rubuta. Ya ce ya gode. Tafiya kuwa bai fasa ba, ko don in ya zauna zuciyarsa za ta fashe. A cikin kwana goma kibiyar da ta kafe wata da watanni ta motsa kilo ɗaya da rabi. Ya tsaya a kan faifan yana kallonta, bai ji daɗi ko na ƙwayar zarra ba.

Kwana goma ɗin nan bai sa Auta a ido ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun tana shekara bakwai. Ta kira bai ɗauka ba. A rana ta sha ɗaya, ranar wankin ƙodarta, ƙafarsa ta kai shi layin ba da shawararsa ba. Ya tarar tasi ta sauke ta ta tafi, tana zaune a kan matakalar farko da jakarta a cinya, tana tara ƙarfin da za ta hau. Ta ɗago ta gan shi.

"Yaya."

Ya karɓi jakar ya rataya a wuya, ya juya mata baya ya durƙusa. Ta sa hannuwa ta zagaye wuyansa kamar zamanin da ruwa ke cika layi. Ya miƙe da ita, ya ɗan jijjiga sau ɗaya yadda ya saba, ya fara hawa.

A hawa na farko ta ce, "Ka yi fushi."

"Na yi."

"Ka riga ka ba ni ƙuruciyarka duka, Yaya. Ba ka yi makaranta ba don in yi. Ka makara a aure saboda ni. Sai kuma in karɓi ƙodar uban 'ya'ya uku? Da wane ido zan kalle su in wani abu ya same ka?"

"Tawa ce. Ni zan ce a'a, ko ke ki ce a'a a gabana. Ba ku sa ni yawo ba."

"Na ce maka a'a sau nawa? Cewa kake yi in riƙe."

Suka wuce inda yake tsayawa na farko a da, tabon tafin hannunsa na nan a bango. Suka wuce na biyu. Ƙashin ƙirjinta na taɓa bayansa ta cikin riga. A bakin ƙofarta ya tsaya, bai sauke ta ba, ita ma ba ta saki wuyansa ba. Ta kara kunnenta a bayansa tana saurare.

"Ko haki ba ka yi," in ji ta, muryarta har da ɗan farin ciki. "Ka gani? Yawon bai tafi a banza ba. Za ka daɗe, ka aurar da su duka."

"Ranar da aka fara miki wanki, nawa nas ta ce kin yi?"

"Hamsin da tara. Me ya kawo wannan?"

"Yau arba'in da ɗaya," in ji Mai Sikeli. Hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, yau kuwa ya so a ce ya yi. "Goma sha takwas ɗin da aka ce in sauke, ke kika sauke su."

Ya ji bayan rigarsa na jiƙewa. Ya gyara mata zama a bayansa, ya sa hannu ɗaya a jakar da ke wuyansa yana laluben makulli.